Yadda saurayi zai fito a tsoho a wasan kwaikwayo, da abin da na ɗauka wurin ɗan wasan Ingila Clive Dunn

Shekara 11 ke nan ina riƙe da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu, a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Duk wasan da muka tsara sai an nemi tsoho a ciki, ko mai unguwa, ko kakan yarinyar da ake so a cire daga makaranta, ko dattijon da ya hana a ɗiga wa jikokinsa rigakafin shan-inna. Dattawan gaske kuwa ba za su tsaya gaban taro suna wasa ba, girmansu ya wuce nan. Dole saurayi ne zai ɗauki wannan kaya, kuma don shi nake wannan rubutu.

A shekarata ta farko mun yi abin da kowa ke yi. Muka shafe kan yaro da alli, muka liƙa masa auduga a haɓa, ya duƙa har goshinsa na neman taɓa gwiwa, yana karkarwa yana tari. Yara suka yi ta shewa. Da na waiwayi tabarmar dattawa sai na ga babu mai ko murmushi. Bayan an watse, ƙanen mahaifina, wanda ɗan mazan jiya ne da ya yi yaƙin basasa, ya kira ni gefe ya ce, "Malam, haka kuke ganin mu?" Na ce, "Baffa, ku yi haƙuri, wasa ne." Ya ce, "Na san wasa ne. Amma ni ban taɓa tafiya haka ba." Maganar nan ta daɗe tana ci na.

Ƙanena da ke karatu a Dutse ne ya zo hutu da wani tsohon shirin barkwanci na Ingila a wayarsa, mai suna Dad's Army. Gidan BBC ya fara nuna shi a 1968, aka rufe a 1977 bayan kashi 80, kuma Jimmy Perry da David Croft ne suka rubuta shi. Labarin 'yan sa-kai ne da Ingila ta tara a 1940 don tsaron gida lokacin da ake tsoron Jamus za ta ƙetaro ruwa, da yawansu waɗanda suka tsufa da shiga soja ko ba su kai ba. Wanda ya san Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi zai gane irin dariyar da ke cikin barikin da bai cika bariki ba. A cikinsu akwai wani tsoho mai farin gashin baki da ɗan tabarau, mai igiya ɗaya, mahaucin garin, ana kiransa Jones. Na sha ɗauka dattijo ne na gaske suka samo. Ashe Clive Dunn, wanda ya fito a Jones, shekararsa 48 kacal lokacin da aka fara. An haife shi a Landan ranar 9 ga Janairu 1920, har Arthur Lowe da ya fito a kyaftin ɗinsu ya girme shi da shekara 4 da 'yan watanni.

Ba da ka ya faɗo cikin sana'ar ba. Uwarsa da ubansa duk 'yan wasan dandamali ne, ya kuma yi makarantar koyon wasa ta Italia Conti. Soja ma ya yi na gaske: Jamusawa sun kama shi a Girka a 1941, ya shafe shekara 4 fursunan yaƙi a Ostiriya. Tun yana ɗan shekara 40 ya yi suna da fitowa a tsoho a talbijin. Wato kafin Jones, ya daɗe yana goge wannan abu guda.

To ga inda za ka fara, kuma ba a gaban madubi ba ne. Zaɓi tsoho ɗaya, takamaimai, wanda kake gani kullum. Kada ka ce za ka kwaikwayi "tsofaffi", don babu wani mutum mai wannan suna. Je ka zauna kusa da shi a dakali bayan la'asar, kwana 7 a jere, ka gaishe shi, ka yi shiru. Ni kam Baffa ne na zaɓa wa ɗalibaina, da izininsa. Dubi yadda yake miƙewa daga buzu. Baffa sai ya fara dafa ƙasa da tafin hannun dama, ya kafa ƙafar hagu, ya ɗan tsaya kamar mai sauraron wani abu, sannan ya tashi gaba ɗaya. Da ya miƙe kuma sai ya buɗe ƙirji ya gyara hula, ya waiga ko wani ya lura da wahalar da ya sha. Dubi yadda yake fito da magogi daga aljihu ya goga goro a tafin hannu, don haƙoran sun tafi, amma yana yi yana ci gaba da hira kamar ba komai. Dubi yadda yake nesanta takarda da idonsa.

A nan ne babban abin da na koya wurin Dunn yake, kuma in ka riƙe shi kaɗai ya ishe ka. Saurayi idan zai yi tsoho, ƙoƙarin nuna tsufa yake. Tsoho na gaske kuwa ƙoƙarin ɓoye shi yake. Jones bai taɓa cewa ya gaji ba. Duk aikin da kyaftin ya ambata, shi ne farkon mai ɗaga hannu ya nemi izini a tura shi. A ransa har yanzu shi ne jarumin da ya je yaƙi a Sudan. Jikin ne ke ba shi kunya, zuciyar ba ta yarda ba. Saboda haka idan ka hau dandamali, ka sa a ranka kai ɗan shekara 25 ne da gwiwa ta ƙi ba shi haɗin kai. Ka yi niyyar sauri, ƙafa ta ƙi. Ka yi niyyar ɗaga buhu, kugu ya ce a'a, kai kuma ka wayance da gyara riga. Mai kallo zai yi dariya, amma dariyar za ta zo da tausayi, don ya san wannan a gidansu.

(Labarin Sudan ɗin nan, in faɗi gaskiya, bai yi mini daɗi ba. Yaƙin Omdurman na 1898 da Jones ke alfahari da shi, yaƙin mamaya ne, kuma sojan daular nan ne suka ci Kano a 1903 da Haɗeja a 1906. Ina koyon sana'ar mutumin, ban ɗauki alfaharin da aka rubuta masa ba.)

Game da tafiya, kada ka duƙa. Tsofaffi kaɗan ne ke da doro, kuma mai doro ba abin dariya ba ne. Rage tsawon takunka zuwa rabi, ka ɗan buɗa ƙafafu, ka bar gwiwa a ɗan lanƙwashe, diddige kada ya yi nisa da ƙasa. Idan za ka waiga, kada wuya kaɗai ya juya, kafaɗa ta bi shi. Sanda kuma dogara ake yi da ita, ba kaɗa ta ake ba. Ɗora mata nauyinka da gaske har hannunka ya gaji. Karkarwar hannu ka bar ta gaba ɗaya, sai dai in labarin ya ce mutumin ba shi da lafiya.

Sai batun lokaci, wanda shi ne gishirin wasan Dunn. Duk sanda aka ba da umarni a fareti, kowa zai buga ƙafa tare, sai Jones ya buga tasa shi kaɗai a baya, da tazarar bugu ɗaya. Ba biyu ba, ba rabi ba. Shekara 9 yana wannan, mutane ba su gaji ba. Ga yadda muke gwada shi: yara 5 su jeru kamar sun zo gaisuwa fadar dagaci. Na buga tafi, 4 su zube tare, na biyar ya ƙirga "ɗaya" a ransa sannan ya zube, fuskarsa a ɗaure, yana da yaƙinin shi ne ya yi daidai. In ya yi murmushi, an ɓata. In ya dubi 'yan kallo, an ɓata. Muna maimaita wannan sau 20 ko fiye a yamma ɗaya, har jikinsa ya riƙe tazarar ba tare da ƙirge ba. Yaran da suka iya kiɗan kalangu su ne ke saurin kamawa, don kunnensu ya saba da gurbin da ke tsakanin bugu da bugu.

Akwai kuma dalilin da ya sa saurayi ya fi dacewa da wannan gurbi. A shirin akwai dattawan gaske, irin su Arnold Ridley da aka haifa a 1896 da John Laurie na 1897, kuma ba za a sa su faɗuwa ko hawa wani abu ba. Dunn ne ke ɗaukar wasan tsalle da faɗuwa, don a ƙarƙashin furfurar nan jiki ne mai ƙarfi. Kai ma ka yi amfani da wannan. Tsohonka zai iya zabura ya bi akuya da gudu na taku 5, muddin daga baya ya tsaya ya biya bashin gudun da haki.

Murya ba a maƙe ta. Wanda ya maƙe maƙogwaro, kafin rabin wasa muryarsa ta dishe, na bayan fili kuma ba sa ji. Yi magana da muryarka, ka dai gajarta numfashi, ka yanka zance gida biyu inda saurayi zai faɗa a numfashi ɗaya. Ba shi dogon labari wanda yake farawa daga nesa, "Shekarar da aka yi fara, lokacin Sarkin Fawa na da yana raye...", sauran 'yan wasa suna neman hanyar katse shi cikin ladabi. Ba shi kuma kalma ɗaya tasa ta kansa. Jones an san shi da ihun kada kowa ya firgita, alhali shi ne ya fi kowa rikicewa. Namu tsohon cewa yake, "Ku bar ni da shi," duk lokacin da abu ya fi ƙarfinsa. Sau 3 a wasa ya isa.

Kwalliya ita ce mafi sauƙi, shi ya sa na bar ta baya. Niƙa alli ka shafa a saje da gira da gefen kai inda hula ba ta rufe ba. Kada ka yi amfani da toka, in ta haɗu da gumi tana shiga ido da zafi. Don tamoji, yaro ya yamutsa fuska, ka bi layukan da suka fito da jagira, sannan ka murje da yatsa. Gemu a yi shi da auduga 'yar kaɗan, a yage ta siriri a liƙa da jiƙaƙƙen ƙaro. Amma ka sani gumi na narkar da ƙaro, don haka a zafin bazara gara ka haƙura da gemun. Riga kuwa aro za ka yi wurin dattijo, wadda ta sha wanki ta ɗan yi maka yawa a kafaɗa.

Yanzu abin da ya fi damuna. A garinmu ba a yi wa babba dariya a bainar jama'a, kuma daidai ne. Amma al'ada ta bar mana ƙofa ɗaya: wasan jika da kaka. Jika zai ce wa kakansa ya tsufa ya bar masa amarya, kakan ya kai masa sanda, kowa ya yi dariya ba wanda ya ji ciwo. To duk tsokanar da za a yi wa tsohonka a wasa, ka sa ta a bakin jikansa. Ɗansa ko surukinsa kada su taɓa. Sannan ka tabbata aƙalla sau ɗaya a wasan shi ne mai gaskiya, kowa ya dawo kan maganarsa, don da tsohuwar zuma ake magani. Jones ma duk rikicewarsa ba a taɓa nuna shi matsoraci ba, kuma motarsa ta kai nama ita ce motar rundunar.

In wasanku na da waƙa, nan ma akwai abin dubawa. Dunn ya yi waƙa mai suna Grandad, wato kaka, wadda Herbie Flowers da Kenny Pickett suka rubuta, ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a Janairun 1971, watan da ya cika 51, ta yi mako 3 a can. Ba wata zaƙin murya ya nuna ba. Da muryar tsohon ya rera, kusan magana yake, yana tuna zamanin da, yara kuma suna yi masa amshi. Tsarin da muka sani ne, mai bayarwa da 'yan amshi. Ka ba tsohonka baiti gajere da zai iya faɗa a numfashi ɗaya, 'yan aji 3 su ɗauki amshin, mai kalangu ya sassauta hannu. Kada yaron ya manta ya koma muryarsa ta samartaka da zarar kiɗa ya tashi, nan ne suka fi zamewa. Daga 1979 zuwa 1984 Dunn ya ci gaba da fitowa a kaka a wani shirin yara, sannan ya koma Fotugal da zama, yana zane har idonsa ya raunana. A can ya rasu ranar 6 ga Nuwamba 2012, yana da shekara 92.

Idan an tashi daga wasa, ruwan ɗumi ke cire ƙaro, man gyaɗa kaɗan ya ɗauke jagira. A wanke rigar aro, a ninke, yaron da ya sa ta shi zai mayar da hannunsa, da ɗan goro a kai. Bara da muka mayar wa Baffa tasa, ya karɓa ya ajiye a gefen buzu, ya dubi yaron ya ce, "Kai, zo nan. Sandar nan a hannun hagu ka riƙe ta jiya. Ni ciwona a gwiwar hagu yake, don haka a dama nake riƙewa. Ɗauko ta in nuna maka."