Yadda ake kafa tanti a bakin teku a Legas

Wanda ya saba kwana a fili a Arewa, abin da yake fara dubawa shi ne maciji da kunama. A gaɓar Legas kuwa, ko Tarkwa Bay ce ko wajen Badagry, teku ne abin dubawa na farko. Ruwan yana cika ya janye sau biyu a kwana guda, kuma cikarsa ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da tsakiyarsa. Wurin da ka gani a bushe da la'asar yana iya zama cikin ruwa da ƙarfe uku na dare.

Don haka kafin ka sauke kaya, nemi layin da ruwa ya bar tarkace, wato robobi da ciyayi da itatuwa, a jere bisa rairayi. Nan ne iyakar cikar da ta wuce. Ka ƙara taku talatin zuwa tudu, sannan ka tambayi masunta ko ruwa yana kaiwa nan. Su suka san wurin. Kada ka zauna ƙarƙashin bishiyar kwakwa komai daɗin inuwarta, domin 'ya'yanta kan faɗo ba sallama.

Turakun ƙarfen da ake sayarwa tare da tanti ba sa kama rairayi. Iska kaɗan sai su tumɓuke. Ka zo da tsofaffin buhuna shida, ka cika kowanne rabi da rairayi, ka ɗaura masa igiyar tantin, ka binne shi zurfin kamu guda, ka tattake. Iska ta fi zuwa daga teku, saboda haka ƙofa ta dubi tudu. Tamfol ɗin da za ka shimfiɗa a ƙasa kada ya leƙo waje, in ya leƙo zai tara ruwan sama ya tura maka ƙarƙashin tabarma.

Ka bar tagogin raga a buɗe. Iskar Legas tana da danshi, in ka toshe ko'ina numfashinku zai jiƙa rufin kafin asuba. Gidan sauro mai magani dole ne. Murhun gawayi da janareta kuwa su tsaya waje can nesa, hayaƙinsu yana kashe mai barci bai farka ba.

Ruwan daɗi, a lissafa lita biyar ga kowane mutum a yini, har da na alwala. Alƙibla tana gabas maso arewa, wajen digiri 63, teku yana hannun damanka ta ɗan baya.

Watannin Yuni da Yuli ruwan sama ya yi yawa, gara Nuwamba zuwa Fabrairu. Tarkwa Bay sai da kwalekwale ake shigarta, kowa ya sa rigar da ke hana nutsewa, a kuma haye da rana. Kada a bar yara su kusanci ruwa su kaɗai, igiyar tekun nan tana jan babba ma. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767.