Kurakuran da aka fi yi wajen sake gina tashar 'yan kwana-kwana a Kano

Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ba sai an gaya masa abin da jinkirin mintuna kaɗan ke jawowa ba. Aikin tashar kashe gobara shi ne mota ta fita da sauri, cike da ruwa. Yawancin kurakuran gini daga mance wannan suke tasowa.

Na farko tun kafin a haƙa harsashi ake tafka shi. A rushe tsohuwar tasha, a ce wata shida an gama, sai kuɗin kwangila ya maƙale, unguwa ta zauna ba mota. Kafin a cire kwano ko ɗaya a tanadi wurin wucin gadi, ko da rumfa ce da tanki, kuma kada a soma rusau da hunturu, lokacin da gobara ta fi yawa.

Sai zaɓen fili. Ana duba taswira a ce kilomita uku ne zuwa Kantin Kwari, ai kusa ne. To, a hau mota a bi hanyar da ƙarfe biyar na yamma, tsakanin adaidaita sahu da 'yan dako, a duba agogo. Da mintuna ake auna nisa a wannan aiki. Lungunan cikin gari kuwa, irin na kewayen kasuwar Kurmi, babbar mota ba ta shigarsu, don haka a ware wa ƙaramar mota gurbinta a zane. A yi ƙofa biyu, a shiga ta baya a fita ta gaba, direba ya huta da ribas.

Ruwa ne inda aka fi yin sakaci. Motar kashe gobara lita dubu kaɗan take ɗauka, mesa biyu su zuƙe shi cikin mintuna. Wasu sai su haƙa burtsatse ɗaya su ce an gama. Burtsatse a hankali yake bayarwa, da bazara ma ya ƙara ja baya, kuma motar da ta dawo cikowa ba ta da awa guda ta jira. Abin da ake bukata babban tanki ne na ƙasa, wanda burtsatsen zai riƙa cika shi dare da rana, da famfo mai ƙarfi, da tankin sama da zai zuba ko babu wutar lantarki. Rufin tasha mai faɗi ne, ruwan Agusta da ke sauka a kansa a tara shi, kada ya bi kwata. A kuma tuna lita dubu tan ɗaya ce. Daɓen da aka yi wa ƙananan motoci ba zai ɗauki wannan nauyi ba, sai kankare mai rodi.

Sola ta zama ado yanzu, kowa na sawa. Amma ƙurar hunturu tana rufe farantan, wuta ta ragu, kuma sau da yawa ba a bar tsani ko famfon wanke su a saman ba. Batir kuma a ɗaki mai sanyi yake daɗewa. Janareta ya zauna a gefe, ƙofa mai aiki da lantarki kuma lallai ta buɗu da hannu.

Gilashi mai kallon yamma a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, wahala ce kawai aka saya. Tagogi su kalli arewa da kudu, bango ya yi kauri. Wanda ya shiga Gidan Makama da rana tsaka ya san abin da kaurin bango ke yi.

Ɗakin kwanan ma'aikata kada ya buɗe cikin garejin motoci, hayaƙin dizal yana shiga huhu. A 2022 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikin kashe gobara cikin ayyukan da ke jawo cutar. Kayan aiki masu toka da hayaƙi a wanke su a ɗakinsu daban, nesa da kicin da masallaci. Kafin a sa hannu a zanen, a nuna wa direbobi da masu riƙe mesa. Su ne za su tambayi inda za a shanya mesa, da inda za a ajiye igiyoyin ceto, tunda idan wani ya faɗa rijiya ko kududdufi ma su ake kira.