Babbar kamara mai madubi ko ƴar aljihu: yadda za ka zaɓa kafin ka fidda kuɗinka

Duk wanda ya zo sayen kamara nan Damagaram abu na farko da mai butik zai jefo masa shi ne megafiksal, wato yawan ɗigon da ke haɗa hoto a miliyoyi, wannan 20 ce, waccan 24 ce, sai kuma zum, sau kaza take jawo abu. Ni dai shawarata ka ajiye waɗannan lambobi gefe tukuna ka tambayi kanka abu uku, me za ni ɗauka da ita, cikin wane irin haske, kuma a wace irin ƙura. Amsar nan ita za ta gaya maka ko DSLR ta dace da kai, wato babbar nan mai madubi a ciki da ake canja ma ido, ko kuwa ƴar ƙarama ta aljihu irin su Canon IXUS, Sony Cyber-shot da Nikon Coolpix.

Bari mu fara da cikinta don ka san abin da kake biya. A DSLR akwai madubi a kishingiɗe bayan objektif, wato idon gilashin da ke gaban kamarar, haske na shigowa ya bugi madubin ya hau sama ya bi ta wani gilashi ya fito a ƴar tagar da kake kanga idonka, kenan abin da kake gani shi ne ainihin abin da ke gaban objektif ba hoton ekran ba. Kana danna buton sai madubin ya ɗage, labulen da ke tare haske ya buɗe, haske ya faɗa kan kaptar, farantin da ke kama hoton, shi ne ƙarar nan "kalak" da kake ji kuma tagar ta yi duhu na ƙiftawar ido. Ƴar aljihu ba ta da madubi, objektif ɗinta a liƙe yake ba ya cirewa, kuma yawancinsu da ekran kawai kake duba. Wanda ya taɓa ƙoƙarin duba ekran da ƙarfe ɗayan rana a watan Afrilu ya san wahalar, ba ka ganin komai sai fuskarka, a nan tagar DSLR ta fi nesa ba kusa ba.

To amma babban bambancin yana ga kaptar, farantin nan da ke kama haske a madadin fim na da. Yawancin ƴan aljihu kaptar ɗinsu bai wuce milimita 6 da ɗan wani abu a tsawo da 4 da rabi a faɗi ba. Na DSLR ta masu farawa, wanda ake kira APS-C, ya kai kamar milimita 23,5 da 15,6 a Nikon, na Canon ya ɗan gaza haka kaɗan, manyan kuwa na ƙwararru 36 da 24 ne, daidai girman fim na da. In ka lissafa fili, na APS-C ya ninka na ƴar aljihu fiye da sau goma. Kamar tarar ruwan sama ne, wani ya fito da babbar tasa wani ya fito da kofin shayi, in ruwa na zuba sosai kowa zai cika, amma in yayyafi ne mai tasa kaɗai zai samu na kirki. Da rana tsaka a fili hotunan biyu za su yi kama har ka ce asarar kuɗi ce sayen babba, sai an shiga ɗakin amarya da kwan fitila guda, ko zaure bayan magariba, nan ƴar aljihu za ta fara kawo tsaki-tsaki, fuskoki su daƙune, kalar lalle da ta atamfa su haɗe. Shi ya sa tsohuwar Nikon D90 ta 2008 mai megafiksal 12 kacal take kada ƴar aljihu mai 20 cikin duhu. Kuma fa hoton santimita 10 da 15 da ake wanke ma mutane megafiksal 2 da ɗan kai ya ishe shi, na girman takardar A4 kuwa wajen 9, don haka batun lamba ba shi ne ba.

Sai objektif. Wanda ya sayi DSLR ya sani ƙofa ya buɗe ma kansa ta kashe kuɗi, don jikin kamarar rabin magana ne. Galibi tana zuwa da objektif 18-55, yana aiki ba laifi, yana ɗaukar taron jama'a a 18 ya ɗauki mutum guda a 55, amma ba ya buɗewa sosai, f/3,5 zuwa f/5,6 ne, lambar f na ƙanƙanta ƙofar shigar haske na ƙara girma. Hoton nan da ƴan mata ke so, fuska tas bayan kuma ya narke ba a ganin katanga da igiyar shanya, da objektif 50 f/1,8 ake yin sa, kuma yana cikin mafi araha a Canon da Nikon duka. Sai dai a kan APS-C yana matse wuri, kamar 75 ko 80 yake komawa, in ɗakin ƙarami ne za ka ja baya har ka jingina da bango ba ka samu mutum uku a ciki ba, don haka kar ka sayar da 18-55 ɗinka don ka samu 50. Ƴar aljihu ba ta iya wannan narkar da baya sai dai in ka matso kusa ƙwarai da abu ƙarami, saboda ƙanƙantar kaptar kusan komai fitowa yake daga gaba har baya. Wani lokaci ma alheri ne hakan, in kaya kake ɗauka don talla, takalmi ko jakar fata ko turaren wuta, kana son komai ya fito.

Batun zum kuwa a nan ƴan aljihu da yayyensu masu dogon baki ke da bakin magana, Nikon P900 na jawowa sau 83, P1000 sau 125, kafin ka samu irin wannan nisa a DSLR sai ka sayi objektif da ya fi kamarar kanta tsada da nauyi. Amma duba da kyau a jikin kwali, zum optik shi ne na gaske, gilasai ne ke motsi, zum na dijital yanke hoto ne kawai a buɗa shi, wayarka ma na yi. Kuma in ka ja zum har ƙarshe hannunka ya ɗan girgiza hoton ya tafi, ga ƙurar hunturu da ke tsakaninka da abin, ba kamarar da ke cire ta.

In abin da ke ranka hawan sallah ne a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, dawaki a guje dogarai na kora jama'a, ko kokowa a fili lokacin da ake neman takobi, to ka daina wahala DSLR ce. Tana kunnuwa nan take, tana kama abu mai motsi da sauri in ta taga kake duba, kana dannawa tana ɗauka. Ƴar aljihu mai araha sai ta fiddo baki tukuna, ta yi gaba ta yi baya tana neman fuska, kafin ta yanke shawara an riga an yi kaye ana kiɗa. A irin wannan wuri ka juya dabaran sama zuwa Tv in Canon ce, S in Nikon ce, inda kai ke zaɓar saurin labule, ka sa 1/1000 na sakan in rana ta fito sosai, 1/500 ma na tsaida mutum mai gudu, ka bar ISO, wato ƙarfin jin haske na kaptar, a oto, ka sa ta ɗauka a jere in ka danne buton. Abu ɗaya da zan ja kunnenka, tsofaffin DSLR in ka koma duba ta ekran sai su yi nawa su ma, har sun fi ƴar aljihu nawa wani lokaci, to ka saba da kanga ido.

Batiri ma abin dubawa ne a garin da kuran kan tafi ba sallama. Tunda DSLR ba ta buƙatar ekran a kunne kafin ka ga abin da za ka ɗauka, cajinta na jimawa, Nikon D3500 an rubuta mata hoto 1550 a caji guda, ƴan aljihu da yawa kuwa tsakanin 200 da 300 suke. Mai zuwa biki Mirriya ko Magarya ko wani ƙauye ya kwana ya san amfanin wannan. Ko wacce ka saya dai ka nemi batiri na biyu tun ranar, da katin memwar biyu, kar ka zuba auren mutane gaba ɗaya a kati guda.

Yanzu ƙura, wadda masu rubuta bayanin kamara a Turai ba su cika damuwa da ita ba amma mu ita ce ke kashe mana kaya. Kowace da inda take shigarta. Ƴar aljihu bakin nan nata mai fita da komawa shi ne rauninta, ƙwayar rairayi ɗaya ta shiga tsakanin zobban sai ya maƙale, ekran ya rubuto maka matsalar objektif, kuma tunda ba ya cirewa sau da yawa gyaran ya kusa kuɗin wata. Kar ka jefa ta aljihu tsirara tare da makulli da goro, sa ta cikin ƴar jaka mai zif. Akwai irin su Olympus Tough da aka yi don ruwa da ƙura, bakinsu ba ya fitowa waje, ga mai yawon daji ko aikin gona da rijiyoyi sun fi dacewa. DSLR kuwa lokacin canja objektif take shaƙa, ƙurar ta sauka kan kaptar, sai ka riƙa ganin ɗigo baƙi wuri guda a kowane hoto musamman a sararin sama. In za ka canja ka shiga ɗaki ko mota, kashe kamarar, kifa bakinta ƙasa, ka yi sauri. In ɗigon ya riga ya shiga famfon roba na hura iska ake sa mata, ba baki ba, ba gefen riga ba, ba audugar kunne ba, wallahi mutane da yawa sun karce kaptar da hannunsu a wajen neman gyara. Zafi ma haka, kar a bar ta cikin mota a rufe ko ƙarƙashin kujerar moto a rana.

Wa ya kamata ya sayi ƴar aljihu kenan? Gaskiya yau wayoyi masu kyau sun cinye kasuwar ƙananan masu araha, in ta megafiksal 20 ce mai zum sau 5 kuma kana da waya ta kirki ban ga abin da za ta ƙara maka ba sai dai ta hutar da batirin wayar. Wadda ta cancanci kuɗi ita ce mai dogon zum na gaske, ko mai kaptar babba irin Sony RX100 da ta fara fitowa a 2012, nata milimita 13,2 da 8,8 ne, ko jerin Canon G7 X. Suna shiga aljihu, ba sa tara maka yara, kuma mutane ba sa daskarewa in ka ɗaga su. Malamin lakkol, ma'aikacin da ke kai rahoto daga ƙauyuka, Hajiya mai saida kaya a WhatsApp, mai tafiya Umra da ba ya son kaya a wuya, duk wannan ta ishe su. Babbar kamara a cikin Birni ko kasuwar Dole kowa ya ganta ya san hoto ake yi, wani ya gyara hula wani ya ɓata rai, kuma da ƙarama da babba ka nemi izini kafin ka ɗauki mutum, balle matan aure.

Mai son sana'a kuma, suna da aure da situdiyo, ya fara da DSLR ko da okaziyo ce, Canon 600D, 700D, 2000D ko Nikon D3200, D3500, D5300 duk suna ci da mutum. Tana da wurin ɗaura filash a ka wanda za ka juya ya bugi silin haske ya sauko a hankali, ba irin na ƴar aljihu da ke bugun fuska tsaye ya sa hoda ta yi fari fat ba. Tana kuma ɗaukar RAW, fayil ɗin da ke ba ka damar gyara haske da kala a kwamfuta in farar shadda ta ƙone ko fuska ta yi duhu. Ka dai sani kamfanonin sun karkata ga marasa madubi yanzu, sabbin DSLR sun yi ƙaranci, amma hakan ne ya sa na hannu suka yawaita da objektif ɗinsu, Canon EF tun 1987 ake yin su, bakin Nikon F kuwa tun 1959.

In okaziyo za ka saya kar kunya ta hana ka bincike, je da katinka. Tambayi yawan hoton da ta ɗauka, don labulen ƙananan DSLR kusan dubu 100 aka ƙiyasta masa, a Nikon lambar na cikin bayanan fayil ɗin hoto, a Canon galibi sai an haɗa da kwamfuta. Sa ta a Av in Canon ce ko A in Nikon ce, inda kai ke zaɓar lambar f, ka kai f/16 ko f/22, ɗauki sama ko farar takarda, buɗa hoton ka ga ɗigo nawa ne. Cire objektif ka haska shi da tocilan waya, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo a cikin gilashi to raɓa ce ta yi masa illa, kayan da suka zauna Kotonu ko Legas sun cika yin haka, bar shi. Juya zoben zum ka ji ko yana gurzar rairayi. Gwada kowane buton, filash, ƙofar kati, da wurin caji. In Nikon ce ta jerin D3000 ko D5000 ka tabbata objektif ɗin AF-S ne ko AF-P wanda kamarar ta yarda da shi, don ba su da injin juya tsofaffin AF-D, da hannu za ka riƙa saitawa. A Canon kuwa objektif EF-S ba ya hawa manyan masu kaptar 36 da 24 irin su 6D da 5D, in kana da niyyar hawa can nan gaba ka fi sayen EF. Ƴar aljihu kuwa kunna ta ka kashe sau da yawa a jere kana saurare, in bakin na fita da ƙara ko yana tsayawa rabi, mayar masa da abinsa. Ka kuma tabbata da cajarta ta asali aka haɗa maka, don batirin wasu tsofaffin samfura wuyar samu gare shi nan, sai an aika Kano ko Yamai.