Kurakuran da muke tafkawa a waya lokacin zaɓe, da gyaransu

Da zarar kakar zaɓe ta kama, matasan Kano kan tare a Facebook da WhatsApp da TikTok, kowa na kare gwaninsa. Babban kuskure shi ne ɗaukar wannan hayaniya tamkar ƙuri'a ce. A 2023 mutum kusan miliyan 6 ne ke cikin rajistar INEC a jihar nan, amma ƙuri'un Abba Kabir Yusuf da na Nasiru Gawuna a zaɓen gwamna a haɗe ba su kai miliyan 2 ba. Wanda ya kwana yana musayar yawu a waya alhali katinsa na ajiye a ofishin INEC bai tsinana wa ɗan takararsa komai ba. Gara ka yi amfani da guruf ɗin unguwarku wajen tuna wa mutane ranar rufe rajista, da inda ake karɓar kati, da sunan rumfar kowa.

Wanda ya fi damuna shi ne yaɗa sakamako tun ana kan ƙirga. Wani ya ɗauki alƙaluman rumfa biyu a Fagge ko Gwale, ya rubuta "an gama", sai dubban mutane su fara murna. Idan sanarwar hukuma ta zo da saɓanin haka, sai rai ya ɓaci a fara ƙone-ƙone. Ai mun ga yadda gari ya ɗau zafi a 2019 lokacin da aka ce zaɓe bai kammala ba, aka koma mazaɓu irin su Gama. Jihar nan ƙananan hukumomi 44 gare ta, kuma baturen zaɓe ne kaɗai ke da ikon bayyana wanda ya ci. Abin da zai yi amfani shi ne ka tsaya a rumfarka har a gama, ka ɗauki hoton takardar sakamakon rumfa (EC8A) bayan jami'i ya sa hannu da hatimi, yadda lambar rumfa za ta fito sarai, sannan ka gwada da abin da aka ɗora a IReV, shafin intanet da INEC ke ɗora sakamakon rumfuna. Batun hatimi da sa hannu a kan takardun ƙuri'a fa na cikin abubuwan da suka kai shari'ar zaɓen gwamnan Kano na 2023 har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 12 ga Janairu, 2024.

Sai tsohon bidiyo da murya marar mai ita. "Yadda na samu haka na tura" ba ya wanke kowa. Kafin ka tura, tambayi wanda ya aiko maka: a ina aka ɗauka, yaushe? In ya kasa amsawa, ka goge.

Zagin iyaye da ƙage irin na wasu sojojin baka kuwa, mai saurare yake kora, kuma yana iya kai mutum gaban alƙali. In kana da ƙorafi kan ɗan takara, kawo maganar ruwan famfo, ko asibitin unguwarku, ko ajin da yara ke zaune a ƙasa, ka haɗa da hoto da sunan wurin.