Dashe a gangaren farar ƙasa: inda ake yin kuskure da yadda za a gyara

Wanda ya bi ƙasar Adar, wajen Keita da Malbaza, ko ya zaga Kalambaina da Dange a jihar Sakkwato, ya san irin tudun da nake nufi. Samansa jan marmara ne, cikinsa kuma fari fat, dutse mai ɓarɓashi irin wanda ake ƙonawa a yi siminti. Ba banza aka kafa masana'antun siminti a Kalambaina da Malbaza tun shekarun 1960 ba. Ruwan sama ba ya zama a irin wannan gangare. Yana sauka zai kwashi 'yar ƙasar da ke sama ya gangara da ita kwari, ya bar kwazazzabo. Kowa ya gani sai ya ce a dasa itatuwa. Maganar gaskiya ce, amma wajen aikata ta ake ɓarna.

Tun kafin a je gidan rainon itace ake fara kuskure, domin ba a tsaya an san ƙasar ba. Gwajin ba ya buƙatar kuɗi. Ɗauki busasshen ɓarɓashin ƙasar, ka matsa masa lemon tsami. In ya yi kumfa yana 'yar ƙara, to akwai alli a cikinta sosai. Ma'aunin pH, mai nuna tsamin ƙasa ko kishiyarsa, a irin wannan ƙasa yakan kama daga 7.5 zuwa 8.5, wato ta karkata ga kishiyar tsami, kuma a nan sinadarin ƙarfe da na fosfat suna nan a ƙasa, amma a ɗaure, saiwa ba ta iya jan su. Ka gwada wuri uku ko huɗu daga sama zuwa ƙasa, don tudu ɗaya yakan zama marmara a kai, alli a tsakiya, yumɓu a gindi, kowanne da abin da yake karɓa.

Rashin wannan gwaji ne ke sa mutum ya kwaso mangwaro da lemo da kashu ya jera a gangare, wai a riƙe ƙasa kuma a sha 'ya'ya. Bayan 'yan watanni sai sabon toho ya fito ɗorawa-ɗorawa, jijiyoyin ganyen kawai suka rage kore. Mai gona ya ce yunwa ce, ya watsa yuriya. Yuriyar da aka bari a saman ƙasa mai alli kuwa, kaso mai yawa iska take bi. Wani ma toka zai ƙara, ita kuwa toka ƙara wa cutar ƙarfi take yi, tunda ita ma kishiyar tsami ce. Abin da ke taimakawa shi ne ruɓaɓɓen takin dabbobi a cikin rami, a rufe. Amma a ganina, itacen da sai ka yi ta jinyarsa duk shekara ba na gangare ba ne. Kai shi fadama, can ne gidansa.

Gyaran shi ne ka ɗaga kai ka duba abin da Allah ya tsirar a tudun da ke maƙwabtaka da naka, inda gatari da awaki ba su gama da shi ba. Za ka ga daƙwara, aduwa, magarya, anza, dirga, a saman marmara kuma geza. Waɗannan ba mai ba su ruwa, ba mai ba su taki, ga su nan tsaye. Su ne jerin sunayen da za ka tafi da shi gidan raino. Ko a cikin na gida ma akwai zaɓi. Bagaruwa ta fi son gindin tudu inda ruwa ke kwanciya, gawo kuma yana son ƙasa mai zurfi da saiwarsa za ta nutsa, don haka kada a wahalar da su a tsakiyar dutse. Darbejiya ta yi suna a kwarin Majiya da ke Nijar, inda aka fara jera ta don tare iska a 1975, sai dai a tuna a kwari aka dasa ta, inda ruwan ƙasa yake kusa. Itacen turare kuwa ya cika shan ruwa, kuma ciyawa ba ta jin daɗi a ƙarƙashinsa. Akwai kuma ƙayar nan baƙuwa daga nahiyar Amurka da malaman gona ke kira Prosopis. Tana kamawa ko'ina, ba musu, amma dabbobi na cin 'ya'yanta suna baza irin a kashinsu, kafin ka ankara ta cinye fadama da hanyar rijiya. Mutanen bakin tafkin Chadi sun san wannan labari.

Kuskuren da ya fi kowanne girma, kuma wanda aka fi raina shi, shi ne mantawa da ciyawa. Itace yana kama ƙasa daga can ciki, bayan shekaru. Ƙasar da ke tafiya yau kuwa ta sama ce, wadda ɗigon ruwa ke tarwatsawa, kuma dashe mai tsawon kamu ɗaya ba abin da zai hana. Ciyawa ce ke wannan aiki tun daminar farko. Gamba ita ce kan gaba: tana shekara da shekaru a tushe ɗaya, tana jure fari, tana yin dunƙule mai kauri da ke tace ruwa ya bar ƙasar a bayansa. Ga zana, ga jinka, ga abincin dabbobi in an yanka ta ɗanya. Ana tsaga tushenta a dasa a jere, kusa da kusa. A tsakanin layukan a watsa irin kyasuwa, wadda ke rufe fili cikin damina guda ta zubar da iri don baɗi.

Ciyawar jema ma ana yawan ambatonta, kuma ta cancanci yabo. Saiwarta na iya nutsawa mita 3, kuma alli ba ya damunta. Sai dai a ƙasarmu ciyawar fadama ce. A Sakkwato, inda ruwan shekara ke kai milimita 600 zuwa 700, za ta iya kamawa a gindin gangare da bakin kwazazzabo. A wajen Tawa, inda ruwan ba ya cika wuce 400, dasa ta a busasshen tudu ba tare da ban-ruwa ba asara ce. In za a dasa, tazarar santimita 10 zuwa 15 ake bari tsakanin tushe da tushe. Wanda ya ba ta taku guda-guda don tsimin iri ya yi wa ruwa ƙofofi ne, kuma ruwan da aka matse ta ƙofa ya fi wanda aka bari a baje ɓarna.

Haka ma layi. Da yawa suna ja da ido, layin ya karkace, ruwa ya bi gefensa ya taru wuri ɗaya ya fasa. Tiyon ruwa irin na magina ya isa a fitar da layin da ya kwanta daidai, ya gitta gangaren. Kuma daga sama ake farawa. Mai fara aiki daga gindin tudu, ruwan farko zai rusa masa komai.

Sai batun rami. A fako, dasa itace ba tare da an yi masa matarar ruwa ba daidai yake da shuka dusa. Manoman Adar sun daɗe da jera duwatsu suna tare ruwa, kuma tassa, wato ƙananan ramukan shuka da ake zuba wa taki su tara ruwa, ta farfaɗo da gonaki da yawa wajen Illela da Badagishiri. Amma kowace dabara da wurinta. Tassa da rabin-wata, wato matarar ruwa mai siffar rabin wata, na fili ne mai ɗan gangare kaɗan, wanda saukarsa ba ta wuce mita 5 a cikin tafiyar mita 100 ba. In tudu ya miƙe, rabin-wata cika yake ya fashe. A aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya, ramuka masu tsawo aka riƙa haƙawa a jikin tuddai, kamar mita 3 a tsawo, faɗi da zurfi wajen santimita 60, a jere a saɓe da juna, ta yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa na ƙasa. Mata ne suka yi mafi yawan wannan aiki, da diga da kwando. A cikin ramin akan bar ɗan tudu a tsakiya a dasa itacen a kai, don kada ruwa ya shaƙe shi.

Lokaci ma ana wasa da shi. Dashen biki, wanda ake jira sai manyan baƙi sun samu sarari, yakan faɗo damina ta yi nisa. Itacen gangare yana son ya shiga ƙasa da zarar ruwa ya zauna, galibi a Yuli, ya samu wata biyu yana sha kafin kaka. A duba ledar kuma: in saiwa ta nannaɗe a gindi, a yanke wurin da wuƙa mai kaifi, a cire ledar gaba ɗaya. Aduwa da magarya ma suna yi in an shuka ƙwallonsu kai tsaye a ramin, saiwarsu ta tafi ƙasa ba tangarɗa. Aguwa ce ta saba wa sauran: reshenta ake yanka a kafa a ƙarshen rani, kafin ruwa ya sauka, don in aka kafa shi a jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa yake.

Aguwar nan tana da wani amfani, dabba ba ta cin ta saboda ƙaiƙayin nononta, shi ya sa take yin shinge. Shinge kuwa ba ado ba ne. Garken awaki ɗaya a watan Maris zai share dashen shekara cikin yini guda. Kafin a haƙa rami ko ɗaya, a zauna da mai gari da makiyaya a yanke shawarar hana kiwo a wurin na shekara biyu zuwa uku, a sa mai gadi, a kuma fayyace wanda zai yanki ciyawa da lokacin yankan. A bar tushen gamba kamar kamu ɗaya in an zo yanka, a kuma share gefen filin tun farkon kaka saboda gobarar daji.