Idan dumsɔ (ɗaukewar wutar lantarki) ya daɗe, ga yadda za ku ceci tankin kifin ruwan gishiri

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman na Nima da Mamobi a Accra masu kiwon kifin teku da murjani a gida. In an ɗauke wuta, kada ku damu da fitilar tanki, murjani na iya jure kwanaki cikin duhu. Abin da ke kisa shi ne rashin iska. Da zarar famfon da ke juya ruwan tanki ya tsaya, iskar da ke cikin ruwan ta fara ƙarewa, za ku ga kifaye sun taso sama suna haki.

Ku tanadi ƙaramin famfon iska mai aiki da batir ko power bank tun kafin buƙata ta taso. In babu, sai a sa hannu: a ɗebi ruwan tankin da kofi mai tsabta, a zubo shi daga sama, a riƙa yi akai-akai. Akwai gajiya, amma yana aiki.

Kada a ba su abinci, ƙazanta na cinye iska.

Sai zafin Accra. Murjani ya fi son digiri 24 zuwa 26, don haka a jefa robar ƙanƙara da aka rufe bakinta ruf, ta yi iyo a cikin tankin. Idan wuta ta dawo, a wanke matatar ruwan tankin kafin a kunna ta, don ruwan da ya kwana cikinta ya riga ya ɓaci.