Kurakuran da ke ɓata sikanin 3D tun kafin ya shiga Unreal Engine

Matasan Nima da Mamobi masu son saka siddabarun kwamfuta a fim, in aiki ya ƙi, kukansu ɗaya ne: kwamfuta ba ta da ƙarfi. Ni kuwa in na buɗe aikin, sai in tarar tun wurin ɗaukar hotunan da manhaja za ta haɗa ta fitar da siffar abu a kwamfuta, wato sikanin 3D, aka yi ɓarnar. Tun ran gini ran zane.

Babbar matsalar ita ce rana. Sikanin hoto ba siffar abu kaɗai yake kwasowa ba, har da hasken da ke kansa a lokacin. Ka ɗauki lungu da tsakar rana, inuwar kwanon rufi ta kwanta a bango, to ta manne ke nan kamar fenti. Ka kai shi cikin Unreal, manhajar da ake gina duniyar wasannin kwamfuta da fina-finai a ciki, ka ɗora hasken dare, ga inuwar azahar tana nan daram. Mai kallo ba zai iya faɗa maka abin da ya lalace ba, amma idonsa ba zai yarda ba. Ka fita da sassafe, ko ranar da hadari ya rufe sama. Hazon hunturu ma, da kowa ke ƙorafi a kansa, alheri ne gare mu, don yana tausasa haske. Kuma ka kulle hasken kyamara da saitin idonta, kada waya ta riƙa canza su da kanta.

Sai ƙyalli. Wani ƙanena ya ɗauki teburin mai koko da ƙosai hoto fiye da ɗari. Teburin katako ya fito tsaf, har tabon mai da gurbin ƙusa, amma tukunyar alminiyon ta fito kamar kyandir da ya narke. Dalili kuwa, manhajojin haɗa sikani irin su RealityScan (wadda a da ake kira RealityCapture) da Meshroom tabo suke bi daga hoto zuwa hoto, shi kuwa ƙyalli yana gudu ne duk inda ka matsa. Haka gilashin trotro yake, haka farin bango sumul. A barbaɗa wa tukunya hoda, a manna wa bango 'yan takardu masu alama, gilashi kuma a gina shi da hannu a Blender, manhajar ƙera siffofin 3D.

Kada ka tsaya wuri ɗaya kana juyi. Taka, ka zagaya abin, kowane hoto ya maimaita kusan kashi 70 cikin ɗari na wanda ya gabace shi. Mai amfani da LiDAR na iPhone, wato na'urar auna nisa da haske, shi ma ya sani nisan da take kaiwa bai wuce kimanin mita 5 ba.

Wanda ya fi ci min rai shi ne awo, don tef ɗin tela ma ya isa ya magance shi. Blender da mita yake lissafi, Unreal da santimita. In ba ka auna faɗin ƙofa ɗaya ka rubuta ba, jaruminka zai tsaya kusa da ita ya fi ta tsawo.

Tun fitowar Unreal Engine 5 a 2022, Nanite, tsarinsa na ɗaukar siffofi masu nauyi, ya sa wasu suna zuba sikani yadda ya fito, ba shara. Nanite yana ɗaukar nauyin siffa, amma ba ya toshe rami, ba ya kwashe tarkacen da ke shawagi a iska. Share su tukuna.

In ka zo haɗawa da ɗan wasa na gaske, daidaita kyamarar Unreal da wadda ka yi ɗauka da ita: gilashin kyamara (lens) iri ɗaya, hoto 24 ko 25 a daƙiƙa, da ɗan dishi-dishin motsi. Sannan ka fitar da aikin hoto-hoto, ba dunƙulen bidiyo ba, don in dumsor, wato ɗauke wuta, ya katse ka cikin dare, daga inda ya tsaya za ka ɗora.